Bolt 5 da bolt 3.3 a waya ɗaya: abin da ke kashe ƙafar aisi da yadda ake shiga tsakani

A bazarar da ta wuce wani matashi ya shigo shagona rungume da akwatin ƙarfe, ransa a ɓace. Ƴar na'ura ce ya haɗa wa kawunsa mai lambu a wajen Jiratawa. Tana auna ruwan da ke cikin shato, in ya ja baya ta tada famfon sola, in ya cika ta kashe, sannan ta aika wa mai lambun saƙo a salula. Tunanin ya burge ni, haɗin kuma tsaf, ko ɗigon dalma babu inda bai dace ba. Ta yi makonni tana aiki lafiya lau, sai ta fara ƙarya a ma'auni, daga nan ta yi tsit. Ya mayar da wayar kan wata ƙafar allon, ya gyara shirin, ta farfaɗo. Ba a rufa wata ba ta sake mutuwa.

Ya ce, "Maigida, kayan ga jabu ne. Cutata aka yi."

Na buɗe na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Allon ESP32 ne, ƴar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'urar, wanda ke rayuwa a kan bolt 3.3. Ma'aunin ruwan kuma HC-SR04 ne, mai harba sautin da kunne ba ya ji ya jira amsa-kuwwa. Shi bolt 5 yake ci, da bolt 5 kuma yake mayar da amsa. Wayar amsar ta taso kai tsaye ta shiga ƙafar ESP32, babu komai a tsakani, tsawonta ya kai mita shida, a ɗaure da wayar famfo. Na ɗora mita a kan abin da yake kira bolt 5, ta nuna 5.4.

Na ce, "Ƙanena, babu wanda ya cuce ka. An ɗora wa ƙafar nan abin da ya fi ƙarfinta ne, ta daure iya dauriya."

Tun ranar nake so in zauna in warware wannan magana, don ba shi kaɗai ba ne. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu aikin kammala karatu, masu gyaran salula da dikoda, masu haɗa sola, duk hannunsu ya fara kaiwa ga waɗannan alluna. Mu kuma a nan in aisi, wato ƴar ƙwaƙwalwar lantarkin nan mai ƙafafu da yawa da ke kan allo, ya ƙone, ba shagon da ke kusa za ka leƙa ka sayo wani ba. Sai ka jira mai zuwa Kano, ko ka yi oda daga Sin ka zuba ido na makonni. Aikin da ya kamata ya ƙare kafin damina sai ya kai kaka.

Duk wanda ya yi ciniki a Maradi ya kuma yi a Jibiya ya san kalma ɗaya tana ɗaukar kuɗi iri biyu. A nan in mai tumatir ta ce maka ɗari, dala take ƙirgawa, faran 500 take nufi. Ka wuce Ɗan Isa ka tsallaka, ɗari naira 100 ce. Haka 1 da 0 suke a jikin waya. Waya ba ta san lissafi ba, ƙarfin lantarki kawai take ɗauka. Mai aikawa da mai karɓa ne suka yi yarjejeniya cewa daga wannan ƙarfi zuwa sama sunansa 1, daga wancan zuwa ƙasa sunansa 0. Yarjejeniyar kuwa lambobi huɗu ne, kuma suna rubuce a takardar da kamfani ke fitarwa game da kowane aisi. Biyu alkawarin mai aikawa ne: VOH, wato in na ce 1 ba zan gaza wannan ƙarfi ba, da VOL, wato in na ce 0 ba zan haura wannan ba. Biyu kuma sharaɗin mai karɓa ne: VIH, mafi ƙarancin abin da zai amince da shi a matsayin 1, da VIL, mafi yawan abin da zai yarda cewa 0 ne. Tsakanin VIL da VIH akwai fili da babu mai shi. Ƙarfin da ya faɗa can, aisi yana iya karanta shi 1 da safe, ya karanta shi 0 da rana.

Akwai lamba ta biyar, ita ce matashin nan ya taka: iyakar abin da ƙafa za ta ɗauka ba tare da lahani ba. Lambobi huɗun farko suna gaya maka ko za a fahimci juna. Ta biyar tana gaya maka ko za a yi asara.

Bolt 5 gado ne daga dangin aisi da ake kira TTL. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da jerin 5400 a 1964, jerin 7400 ya biyo baya a 1966, suka mamaye kwamfutoci da injinan masana'antu. A wurinsu mai aikawa yana alkawarin aƙalla bolt 2.4 ga 1, da 0.4 ko ƙasa da haka ga 0. Mai karɓa yana neman 2.0 zuwa sama, ko 0.8 zuwa ƙasa. Ka ga an bar rarar bolt 0.4 ta kowane ɓangare, don hayaniyar da waya ke kwasowa a hanya. Sai dangin CMOS suka zo, jerin 4000 na kamfanin RCA a 1968, daga baya 74HC. Su ba su da tsayayyar lamba, kason wutar da aka ba su suke dubawa: kashi 70 cikin 100 zuwa sama shi ne 1, kashi 30 zuwa ƙasa shi ne 0. Ka ba 74HC bolt 5, sai ya ga 3.5 yake sakankancewa. Ka riƙe wannan lamba, ita ce tushen rabin rikicin da za mu zo gare shi.

Me ya sa ba a zauna a kan 5 ɗin ba kowa ya huta? Dalili biyu. Wutar da aisi na CMOS ke sha wajen juyawa daga 0 zuwa 1 tana bin ƙarfin lantarki ne in an ninka shi da kansa. 5 sau 5 ashirin da biyar, 3.3 sau 3.3 bai kai sha ɗaya ba. Da wannan saukowa kaɗai an rage fiye da rabin wutar, an rage zafi, batir ya ƙara daɗewa. Na biyu, taranzistocin da ke ciki suna ta ƙanƙancewa, kuma siririn bangon da ke raba ƙofar taranzisto da jikinsa yana ƙara siranta, har ya zama bolt 5 yana iya huda shi. Shi ya sa daga shekarun 1990 aka gangaro 3.3, aka wuce 2.5, aka kai 1.8. Mai gyaran salula ya san layin 1.8 kamar yunwar cikinsa, cikin ƙwaƙwalwar salular kuwa ana aiki da bolt 1 ko ƙasa da haka. Tsofaffin ba su mutu ba, sababbin sun iso, mu kuma a tebur ɗaya muke tara su: Arduino Uno mai bolt 5, ESP32 da Raspberry Pi masu 3.3, katin ajiya na SD mai 2.7 zuwa 3.6.

Mu fara da gangarowa, daga 5 zuwa 3.3, inda asara take.

A bayan kowace ƙafa ta mafi yawan aisi na CMOS akwai diyod biyu masu gadi (diyod ta hanya ɗaya kaɗai yake barin wuta ta wuce), ɗaya yana kallon layin wuta, ɗaya yana kallon mas, wato layin sifili da wuta ke komawa ta kansa. An sa su ne don tartsatsin da ke fita daga jikin mutum, irin wanda kake ji lokacin hunturu in ka taɓa ƙarfe bayan ka cire rigar sanyi. Aikinsu na ƙiftawar ido ne. In ka ɗora bolt 5 a ƙafar aisi mai 3.3, da zarar ƙarfin ya haura wajen 3.9 diyod na sama ya buɗe, wuta ta kwarara ta cikinsa zuwa layin 3.3. Ƙafar Arduino tana iya tura gomman miliamfer. Diyod ya yi zafi, layin 3.3 ya kumbura, sauran kayan da ke kansa su sha abin da ba su nema ba. Wani lokaci ma wannan wuta tana tada wata ɓoyayyiyar hanya a cikin silikon ɗin, ta haɗa layin wuta da mas, aisi ya ɗau zafi har sai an cire masa wuta ko ya ƙone. Wasu aisin ba irin wannan diyod suke da shi ba, to a nan bangon taranziston ne ke ɗaukar nauyin, yana lalacewa sannu a hankali. Ko wanne ne, takardar ESP32 ta ce ƙafa kada ta wuce ƙarfin wutarsa da fiye da 0.3, wato 3.6.

Na san abin da za a ce: ai wane ya haɗa kai tsaye, shekara guda ke nan ba abin da ya faru. Gaskiya ne, nima na gani. Abin da ya sa wannan kuskure ya fi ƙona min rai ke nan, ba ya nuna kansa ranar da aka yi shi. Amma ka dubi inda muke. A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da aka rataye a jikin shato. Injiniyoyi suna kiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin tsufan kayan lantarki. Ka ƙara da rahusar na'urar rage wuta da ke ba da 5.4 maimakon 5, ka ƙara da doguwar waya da ke kwaso tsalle duk lokacin da famfo ya tashi. Abin da ya jure a ɗaki mai sanyi a wata ƙasa ba lallai ya jure a lambu a Jiratawa ba.

Maganin gangarowa mafi araha rezistans biyu ne a jere, wato ƴan kayan nan masu rage kwararar wuta. Sigina ya shiga ta farko, ta biyu ta sauka mas, ka ɗauki rabonka a mahaɗarsu. Kilo-om 1 a sama da kilo-om 2 a ƙasa suna mayar da 5 ya koma 3.33. Ni na fi son 1.8 a sama da 3.3 a ƙasa, don suna ba da 3.24, kuma ko wutar ta haura 5.4 ba za su kai ka 3.5 ba. Ga ma'aunin ruwa, ko layin magana mai gudun 9600 inda kowane ɗigon bayani ke ɗaukar mikirosakan 104, wannan ya wadatar har da rara. Inda yake gazawa shi ne gudu. Kowace waya da kowace ƙafa tana da ɗan tulun da sai ya cika kafin ƙarfi ya hau, kuma ta cikin rezistans yake cika. Ka sa kilo-om 10 da 20 don tattalin batir, hawan zai ɗauki kusan sulusin mikirosakan. Katin SD da ake magana da shi a megahaz 8 kuwa, zagaye guda nanosakan 125 ne. Kafin siginan ya kai sama an riga an ce ya sauko. Mai haɗawa sai ya ce katin ne ya lalace, ya sayo wani, shi ma haka.

A irin wannan wuri aisi ake sawa. 74LVC245 ko 74LVC125, ka ba shi wutar 3.3, ƙafafun shigarsa an gina su su ɗauki har 5.5, ya fitar maka da 3.3 mai kaifi. 74HC4050 ma yana wannan aiki. Diyod zena mai 3.3 da wasu ke sawa ban cika ba da shawararsa ba: a ƙaramar wuta ba ya tsayawa daidai kan lambarsa, kuma yana rage gudu. Akwai kuma aisin da aka ƙera wasu ƙafafunsu su jure 5 tun asali, kamar STM32F103, inda takarda ta yi musu alamar FT. Wasu ƙafafun ne, ba duka ba, sai ka duba jadawalin ƙafa da ƙafa.

Masu gyaran kwamfuta da dikoda, ga taku. Ƴar na'urar nan CH341A da ake rubuta ƙwaƙwalwar BIOS da ita, da yawa daga cikin baƙaƙen allunanta suna ba aisi wutar 3.3 amma layukan bayanai suna fitowa da 5. Ka auna taka kafin ka ɗora kayan mutane. Kuma ka karanta haruffan ƙarshe na sunan aisin: W25Q64FV na bolt 3 ne, W25Q64FW na 1.8 ne, sai da ƙaramin allon da ke rage masa. Harafi guda ne tsakaninsu.

Hawa, daga 3.3 zuwa 5, ba ya ƙona komai. Matsalarsa ita ce a yi magana ba a ji ba, ko a ji rabi. Wannan ya fi wahalar ganowa, don babu hayaƙi babu wari.

Ɗauki ESP32 yana aika wa Arduino Uno. Aisin Uno, ATmega328P, yana neman kashi 60 cikin 100 na wutarsa, wato bolt 3.0. ESP32 in ba a ɗora masa nauyi ba yana fitar da kusan 3.3, sai a wuce da rarar 0.3. Amma alkawarin da ke takardarsa kashi 80 cikin 100 ne, 2.64, ƙasa da abin da Uno ke nema. Yana aiki, amma a bakin gaɓa yake. Ka kai shi ga 74HC595 mai wutar 5, wanda ke neman 3.5, a takarda an riga an faɗi. A zahiri sau da yawa yana tafiya, domin ainihin inda aisin ke juyawa yana wajen rabin wuta ne, kusan 2.5. Kamfani bai ɗau alkawarin haka ba a kowane zafi da kowane kwafi. Ruwa ba ya tsami banza: in ka ga na'ura tana aiki da safe tana rikicewa da azahar, ko tana aiki da gajeriyar waya tana ƙi da doguwa, fara tuhumar wannan.

Fitilun WS2812B masu canza launi, waɗanda ake ƙawata shaguna da wuraren biki da su, su ne suka fi tona wannan asiri. Suna neman kashi 70 cikin 100 na wutarsu, 3.5 ke nan, kuma bambancin 0 da 1 a wurinsu tsawon bugu ne, wajen mikirosakan 0.4 da 0.8. Ka tuƙa su da 3.3, sai ka ga launi yana tsalle, wani ƙwan yana walƙiya shi kaɗai. Maganin aisi ne mai harafin T a sunansa, 74AHCT125 ko 74HCT245. T ɗin nan yana nufin kunnensa na TTL ne: ka ba shi wutar 5, ya karɓi duk abin da ya haura 2.0 a matsayin 1, ya fitar da cikakken 5. HC da HCT a ido ɗaya suke, ƙafafunsu ɗaya, mai shago zai iya miƙo maka wannan a madadin wancan da zuciya ɗaya. Kai ne za ka karanta. In babu shi kwata-kwata, akwai dabarar sa diyod a layin wutar ƙwan farko kaɗai, wutarsa ta sauko 4.3, sharaɗinsa ya sauko wajen 3.0, shi kuma ya miƙa wa na biyu sigina mai ƙarfi. Dabara ce ta fita kunya, tana kuma aiki.

Abu biyu na haɗa da wannan babi ko da yake ba aisi ba ne, don su na fi gani a aikin famfo. Na farko allon rile, wato makunnin da sigina ke kunnawa, mai bolt 5 da ke kamawa in an ja ƙafarsa ƙasa. Wasunsu taranzisto PNP ne a bakin ƙofa, wanda ba ya sakin rile sai ƙafar ta hau kusa da 5. ESP32 ya ce 1, ya ba da 3.3, saura 1.7 tsakani, taranziston kuwa 0.7 ya ishe shi ya ci gaba da kamawa. Famfo ya ƙi mutuwa, shato ya yi ambaliya. Na biyu taranzisto IRFZ44N, wanda kowane mai gyaran inbata yake da shi a gwangwani. Takardarsa ta ce yana fara buɗewa tsakanin bolt 2 da 4, mutum ya ga haka ya ce 3.3 ya isa. Wannan farkon buɗewa ne, inda ƴar wutar da ba ta kai miliamfer ɗaya ba ke wucewa. Cikakken buɗewarsa a bolt 10 aka auna. Ka ba shi 3.3 ka ɗora masa amfer biyar, ƙofa ce a rabin buɗe jama'a na turereniya, zai yi zafin da ba ka iya taɓa shi. IRLZ44N ya fi shi sauƙin kai, amma shi ma alkawarinsa a 4 da 5 yake. A aikin da zan sa sunana, direba, wato aisin da ke tuƙa ƙofar taranzisto, nake sawa a tsakani, ko ƙaramin taranzisto NPN da ke ɗauko 12 daga batir, in tuna cewa yana juya siginan, in gyara a cikin shiri.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, hanya ɗaya sigina ke bi. Akwai layin da ake magana a kansa ta ɓangare biyu, kamar I2C da kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1982, wanda allon rubutu, agogo da ma'aunin zafi da yawa ke amfani da shi. A kansa babu mai tura 1. Kowa abu biyu kawai yake iya yi: ya ja wayar zuwa mas, ko ya sake ta. In kowa ya saki, rezistans ce ke jan ta sama. Saboda haka ƙarfin layin ba daga aisi yake zuwa ba, daga inda aka ɗaure wannan rezistans yake zuwa. Nan tarko yake. Ƙaramin allon PCF8574 da ke manne a bayan allon rubutu mai layi biyu yakan zo da nasa rezistans a ɗaure da 5. Ka haɗa shi da ESP32 ko Raspberry Pi, ka shigo da 5 ta bayan gida ba ka sani ba. Gwajin minti ɗaya ne: ba allon wuta shi kaɗai, ka auna wayoyin I2C biyu, SDA da SCL, da mita kafin ka haɗa.

Maganin da Philips ta wallafa a 1997 yana cikin abubuwan da na fi sha'awa a wannan sana'a, don taranzisto guda ne tak a kowace waya, irin BSS138, da rezistans biyu. Ƙofarsa a ɗaure da 3.3. Ƙafar da ake kira tushe tana ɓangaren 3.3, ɗayar tana ɓangaren 5, kowane ɓangare da rezistans mai jan shi zuwa nasa ƙarfin. In babu mai ja, ƙofa da tushe ƙarfinsu ɗaya, taranzisto a rufe, wannan gefe yana 3.3, wancan yana 5, ba ruwan wani da wani. In na ɓangaren 3.3 ya ja ƙasa, tushe ya faɗi, tazara ta buɗe tsakaninsa da ƙofa, taranzisto ya kama, ya jawo ɓangaren 5 ƙasa tare da shi. In kuma na ɓangaren 5 ne ya ja, akwai diyod da ke cikin jikin taranziston tun ƙira, shi zai fara jawo tushe ƙasa zuwa wajen 0.7, hakan ya isa ya buɗe ƙofa, taranzisto ya ƙarasa aikin. Babu wanda ya gaya masa ta ina magana ta taso. Ɗan canji ne na gaskiya, kowa ya karɓa da kuɗin ƙasarsa.

Shi ne ke kan ƴan allunan nan masu hanya huɗu da aka rubuta wa LV da HV. Sai dai mutane sun ɗauke shi maganin kowace cuta. Saukarsa da sauri take, hawansa kuwa ta rezistans mai kilo-om 10 ne, a doguwar waya yana iya cin mikirosakan guda. Ga I2C mai kilohaz 100 lafiya lau. Ga fitilun WS2812B ko katin SD, ka koma ga aisin da na ambata. Haka TXB0108 da TXS0108E na Texas Instruments, masu gane hanya da kansu: na farko ba ya shiri da I2C ko rezistans mai ja da ƙarfi, kuma dukansu biyu ba sa son doguwar waya. In ka san hanyar da sigina zai bi, ka zaɓi abin da ke bin hanya ɗaya da ƙarfi, ya fi kwanciyar hankali.

A akwatin matashin akwai SIM800L, shi ke aika saƙon. Wannan ba na 5 ba ne, ba kuma na 3.3 ba. Wutarsa 3.4 zuwa 4.4, yana fizgar har amfer 2 lokacin da yake neman layi, maganarsa kuma a 2.8 take. ESP32 yana jin sa, don sharaɗinsa kashi 75 cikin 100 ne, wajen 2.5. Uno mai neman 3.0 kuwa sai an yi sa'a. A hanyar komawa, kilo-om 1 da 5.6 suna sauko da 3.3 zuwa 2.8 daidai.

Mas kuwa dole ya zama ɗaya. Bolt tazara ce tsakanin wuri biyu, in alluna biyu ba su haɗa mas ba, 3.3 na wannan ba shi da ma'ana a wurin wancan. Banda guda ita ce inda ka raba su da gangan. Injinan masana'antu da allunan sarrafa manyan famfuna da bolt 24 suke magana, a nan PC817 ake sawa, fitila ce da mai ganinta a rufe cikin gida ɗaya, haske ne kaɗai ke tsallakawa. Rezistans mai kilo-om 4.7 tana ba fitilar wajen miliamfer 5 daga 24. Ba shi da sauri, bai dace da sigina mai gudu ba, amma ga sanin ko famfo ya tashi babu kamarsa. Kada kuma ka ga ramin da ke bayan inbata an rubuta RS-232 ka ɗauka irin na Arduino ne. A can 1 ƙarfi ne na ƙasa da sifili, daga 3 zuwa 15, 0 kuma na sama da sifili. Sai da MAX232 a ɓangaren 5, ko MAX3232 a ɓangaren 3.3. Tsakanin foraj da ɗakin mai gadi in akwai nisa, RS-485 ne ya dace, waya biyu a murɗe, yana kai wa mita 1200.

Sai wani abu da ya shafi masu sola musamman. Da asuba da almuru, ko lokacin da aka ɗauke wuta aka koma batir, ɓangare ɗaya yakan tashi kafin ɗayan. In na 5 yana raye na 3.3 a mace, sigina zai bi ta diyod mai gadi ya ciyar da mataccen allon ta ƙafarsa. Allon ya farka rabi da rabi, ya maƙale, ko da wutarsa ta dawo ba ya tashi daidai sai an cire komai an mayar. Dangin 74LVC da yawa an ƙera su su toshe wannan hanya in babu wuta, wani dalilin ke nan da ya sa nake ajiye su.

Da matashin muka zauna har la'asar. Muka daidaita na'urar rage wutar ta tsaya kan 5.0, muka sa 1.8 da 3.3 a wayar amsa dab da allon, muka raba ta da wayar famfo. Ƙafar da ke ba ma'aunin umarni mun gwada ta da 3.3 kai tsaye, ya amsa kowane bugu, muka bar ta. Rilen nasa irin mai PNP ne, muka sa masa NPN a gaba. Na ce ya shafa wa akwatin farin fenti ya mayar da shi ƙarƙashin faifan sola, inda inuwa take, kuma in ya samu hali ya canza ma'aunin da JSN-SR04T, wanda kansa ba ya tsoron raɓar cikin shato. Allon ESP32 ɗin bai mutu ba, ƙafafu biyu ne suka tafi. Na ɗiga musu jan fenti don kada ya manta ya koma kansu, ya ɗaure akwatin a bayan babur ya kama hanyar Jiratawa kafin magariba.